Ranar Da Hannuna Ya Tona Min Asiri A Cité Verte

Jama'a ku gyara zama, yau babu doguwar gaisuwa, don abin da ya same ni ranar Asabar ya wuce "ya gida, ya yara". Wadda ta shigo mana yau ba ta san ni ba, ni ce Rahinatu, Rahin unguwar Brique, shekara ashirin da huɗu, 'yar shagon atamfa. E, vendeuse. Faɗa da ƙarfi 'yar uwa, ba zagi ba ne. Shekara huɗu ke nan ina tsaye a shagon Alhaji Mahmudu da ke layin teloli, daga takwas na safe har a kira magariba, ina hawa tsani ina sauka kamar mai neman rage ƙiba.

Saurayina kuma Shamsuddin ne, Shamsu, injiniya a wani kamfanin waya, ɗan unguwar Cité Verte, mai zuba turare kamar an fasa kwalbar a kansa. A taksi muka haɗu wata takwas da suka wuce, kuma tun kafin mu kai unguwar Messa na faɗa masa inda nake aiki. Ya ce ba komai. Yanzu magana ta yi nisa, har ya ce bayan babbar Sallah zai turo manya.

Ranar Alhamis ina cikin auna wa wata mata shadda sai wayata ta yi ƙara. Da ta tafi na duba.

"Rahi, kin san Afra'u ta sauka satin da ya wuce, namiji. Suna ranar Asabar a gidanmu. Mama ta ce ki zo ta gan ki."

Afra'u ƙanwarsa ce, haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego. Ban gama washe baki ba sai ga wani saƙon.

"Amma akwai ɗan abu. Na ce wa Mama kina formation ta secrétariat. In ta tambaya, haka ne."

Na rubuta masa, "Koyon aikin sakatariya? Ni da rabona da kwamfuta tun ina sakandare a lycée?"

"Na ɗan lokaci ne. Mama tana da nata ra'ayi a kan 'yan shago. In ta san ki ta so ki, sai mu faɗa mata."

"To in ta so sakatariyar, ni wa zai so ni?"

Ya turo min fuskar dariya guda uku da jar zuciya. Ku lura da mazan nan, da zarar amsa ta ƙare musu sai su turo zuciya.

Da na koma gida na kai ƙara wajen Umma, a zatona za ta ce yaron nan bai kyauta ba. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, rediyon maƙwabta na ta ihu ta saman katanga. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaron nan yana da hankali," in ji ta.

"Umma, ƙarya fa ya yi."

"Rufin asiri ya yi. Gidan 'yan boko ne, ubansa a ministère, ma'aikatar gwamnati, ya yi ritaya. Kina so ki shiga ki ce musu me? Ga ni, mai hawa tsani?"

"Shinkafar da kike tsincewa daga kan tsanin nan ta sauko."

Sai a nan ta ɗago ta kalle ni. "Rahi, bakin nan naki shi zai hana ki aure. Ki je ki gaishe su, ki sunkuyar da kai, ki ci abin da aka ba ki, ki dawo. Kada ki yi musu wasan nan naki. Kuma miƙo hannun nan in gani."

Ta juya hannuna na dama, ta danna gindin babban yatsa, inda almakashi ya yi min baƙin tabo mai tauri. Ta yi tsaki. Ranar Juma'a da kanta ta kira mai lalle, aka zana min baƙi da ja har gwiwar hannu, aka ɗora wata ƙatuwar fulawa daidai kan tabon. Umma ta ciro leshinta mai ruwan zuma daga ƙasan akwati, wanda ko taɓawa ba a yi, telan layinmu ya rage min shi a tsaye. Mayafi ruwan madara, takalmi mai tsini na aro, jaka ƙarama wadda ko waya da ƙyar take ɗauka. Na kalli madubi na ce, "Bonjour madame la secrétaire." Umma ta jefe ni da mafici.

Asabar ƙarfe uku na sauka a Cité Verte. Shamsu yana ƙasan bene da abokansa suna shan shayi, ya sha farar shadda, ya taso yana murmushi kamar ya ci jarrabawa.

"Kin yi kyau. Kin tuna ko?"

"Na tuna, Monsieur l'ingénieur. Minti nawa nake buga shafi ɗaya, ko ba za ta tambaya ba?"

"Rahi don Allah."

Ya raka ni hawa na biyu ya tsaya a bakin ƙofa, don ciki mata ne zalla. Takalma sun cika ƙofar har matakala. Falo ya sha labule mai ruwan gwal, kujeru manya masu sheƙi, ƙamshin turaren wuta da na soyayyen naman rago sun haɗu, ga robobin foléré, wato zoɓo, a cikin ƙanƙara. Wata mata ta kama hannuna ta ratsa da ni tsakanin ƙafafun mutane tana cewa, "Hajiya Karimatu, ga baƙuwar Injiniya."

Na durƙusa, na ɗago ido, sai na ga wadda ke zaune a kujerar.

Hajiya Sauke-min ce.

Bari in yi muku bayani. A shagonmu akwai wata kwastoma, shekara uku tana zuwa, kusan duk wata. Ba ta yi mana ko sallama, Alhaji kaɗai take gaisarwa. Tana zama a kujera ta kaɗa yatsu biyu, ƙas ƙas, ta ce, "Ke, sauke min wancan. A'a, na samansa. Sauke min na gefensa ma." Sai na sauke rabin shago ta ɗauki turmi ɗaya, wani lokacin ma ta ce za ta dawo. Shi ya sa na raɗa mata Hajiya Sauke-min. Kada ku ce ya aka yi ban gane uwar saurayina ba ce. Hoto ɗaya ya taɓa nuna min, na aikin Hajji, farin hijabi da baƙin tabarau, kuma a wannan shigar ko Ummata ce sai na yi tambaya.

Na ce a raina, Rahi, yau kin gama. Tashi ki nemi takalminki.

"Sannu 'yata, sannu da zuwa," in ji ta, da wata murya mai laushi da ban taɓa sanin tana da ita ba. "Matso nan kusa da ni. Ma sha Allah. Injiniya ya iya zaɓe."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta kalli fuskata sosai, ta gyara min mayafi. Ba ta gane ni ba. Wallahi jama'a ko alama. Shekara uku ina tsaye a gabanta, nisanmu bai fi tsawon yadi ɗaya ba, amma matar nan yau ta fara ganin fuskata.

Da farko na ji sanyi. Can kuma sai haushi ya biyo baya.

"An ce kina secrétariat?"

"E, Mama."

"Madalla. Aiki mai tsabta, mutum na zaune a ofis da mutuncinsa. 'Yan ina ne ku a Brique?"

Na faɗa mata layinmu da sunan marigayi Babana. Wata ƙawarta mai haƙorin Makka ta ce ai ta san zuri'ar, mutanen kirki ne. Afra'u ta fito daga ɗaki da jariri a hannu, ta miƙo min shi tana raɗa min, "Yaya Shamsu ya ishe mu da labarinki." Yarinya mai daɗin mu'amala. Na riƙe yaro, na yi addu'a, na ci waina biyu a hankali kamar ba ni ce mai cinye shida a tsaye ba. Komai na tafiya daidai. Da a ce a nan na yi sallama, da yau ba ku da labari.

Sai aka ce a fito da kayan barka.

Kun san yadda ake yi. Dangin mijin Afra'u sun kawo akwati biyu, aka buɗe a tsakiyar falo, ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, ana miƙawa hannu zuwa hannu kowa ta sa albarka. Kayan jariri, leshi, mayafai, sai atamfofi turmi shida. Hajiya ta ɗaga wata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye ta ce, "'Yar Holan ce, ta gaske. Surukaina ba sa sayen tarkace."

Mai haƙorin Makka ta ce, "Ai yanzu sai an yi hattara. Shagunan Brique ɗin nan sun cika da jabu."

"Jabu kaɗai?" in ji Hajiya. "Yaran shagon nan su ne bala'in. Ni in na je, idona na kan hannunsu daga farko har ƙarshe. Kina ɗauke kai sun rage miki rabin yadi. Marasa kunya, ga surutu, ga kallon mazan mutane. Duk yarinyar da ta wuni tana yi wa kowa dariya don ya sayi zane, me ya rage mata?"

Aka yi dariya. Ni ma na ɗan buɗe haƙora, don ba ni da wurin ɓoye fuska. A raina kuwa ina cewa, Hajiya, rabin yadin da kike tsoro, sau nawa na ƙara miki kyauta don ki tashi ki tafi?

Atamfar tsuntsaye ta zagayo ta iso hannuna. Na riga na miƙa wa Afra'u jaririnta, hannuwana duka biyu a sake. To ku da ba 'yan shago ba ba za ku gane ba. Mu in zane ya shigo hannunmu, ba ma shawara da kai. Yatsuna biyu suka murza bakinta, na juya gefe na leƙa bayanta, na kai ta hanci. Duka bai fi ƙiftawar ido uku ba. Abin da na gani na gani, na haɗiye, na ce, "Ma sha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma matan sun warware turmin tun daga can, ya iso min a yamutse, kunne ɗaya na jan ƙasa. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta kici-kicin naɗe wani, tana ninke shi kamar zanen gado. Idona ya kasa jurewa. Na miƙe tsaye, na maƙale baki ɗaya a haɓa, na watsa sauran a kan damtse, fat, fat, fat, ninki uku, takardar tambarin ta dawo sama daidai tsakiya kamar yanzu aka ciro daga leda. Na karɓi na tsohuwa, fat, fat, fat. Na jera su, na daidaita gefe, na buga saman da tafin hannu sau biyu, na tura gaban Hajiya, sai kawai na ji bakina ya ce:

"Da me kuma za a haɗa, Hajiya?"

Duk falo aka juyo kaina. Har jariri ya buɗe ido, ban san wa ya gaya masa ba.

Hajiya ba ta kalli fuskata ba. Hannuna ta kalla. Ta miƙo nata ta kama na dama, ta juya shi, ta sa yatsa ta danna tsakiyar fulawar lallen nan, daidai kan tabon almakashi.

"Na san hannun nan," in ji ta a hankali. "Shagon Alhaji Mahmudu."

"E, Hajiya. Ina wuni."

Ban san me ya sa na sake gaishe ta ba. Ina jin don a matsayin Rahi ban taɓa samun dama ba.

Ta saki hannuna, ta goge yatsanta a jikin kujera. Na gani, kowa ma ya gani. Ta ce wa wata, "Kira min Injiniya."

Shamsu ya shigo yana murmushi, ya ga fuskokin mutane, murmushin ya bushe a inda yake. Ya durƙusa a bakin ƙofa cikin takalman mata.

"A ina ka ce yarinyar nan take aiki?"

Ya kalle ni. Na kalli silin. Na ce a raina, bismillah Monsieur, ga fili.

"Mama, wato... shagon kamar na kawunta ne. Tana ɗan taimaka masa ne kafin ta fara formation ɗin. Kuma za ta bari. Mun riga mun yi magana, ƙarshen wata za ta bari."

Mun yi magana? Yaushe? A wace waya?

Na tuna Umma da shinkafarta, na tuna "ki sunkuyar da kai". Wallahi na gwada. Na sunkuyar, na ga takalmin aro ba ya ƙafata ma, yana can waje, sai na ɗago.

"Hajiya, ki yi haƙuri in gyara masa. Alhaji Mahmudu ba kawuna ba ne, maigidana ne, aiki nake masa. Ba na formation ko ɗaya. Kuma ba mu yi maganar bari ba, don ba zan bari ba. Shekara huɗu ina aunawa, ban taɓa rage wa kowa ko faɗin yatsa ba. Ke shaida ce, tunda idonki na kan hannuna."

Mai haƙorin Makka ta ce, "Kai! Ji baki."

"Shi muke sayar da kaya da shi, Hajiya."

"Rahi!" in ji Shamsu. "Ya isa mana. Ki ba Mama haƙuri."

"Na me?"

Babu waya a hannunsa balle ya turo zuciya.

Na juya wajen Afra'u, wadda ta rungume ɗanta idonta ya cika da ƙwalla, na ce Allah ya raya, Allah ya ba ta lafiyar shayarwa. Na durƙusa na yi wa Hajiya sallama yadda aka koya min a gida. Na ratsa ta gefen Shamsu, ya matsa min hanya kamar baƙuwa. Sai da na sha wahala kafin na gano takalmina ƙafa ɗaya a ƙarƙashin na wata, wannan kam ya ɗan rage wa fitar tawa armashi.

A ƙasan bene abokansa suka bi ni da ido. Na wuce su na tsaya a bakin hanya ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Ba zan yi muku ƙarya ba, taksi biyu suka wuce babu kowa a ciki ban tsayar ba. Jira nake. Na ce in ya sauko yanzu, ko bai ce komai ba, ko tsayawa kawai ya yi kusa da ni a gaban abokansa, zan yafe masa sakatariyar da kawun duka.

Waya ta yi ƙara. Shi ne.

"Kin ɓata komai. Da kin yi shiru da na gyara. Yanzu sai dai ki bar shagon da gaske, shi ne kawai hanya."

Na ɗaga kai. Yana tsaye a barandar hawa na biyu, waya a hannu, yana kallona. Matakala ashirin ne tsakaninmu, ya zaɓi ya rubuto.

Sai na ji takun silifa a bayana, a hankali, da nishi. Na juya. Hajiya Karimatu ce da kanta, ta yafa mayafi a karkace, ta rungumo wani abu a ƙarƙashinsa kamar mai ɓoye kaza. Ta duba hagu, ta duba dama, ta matso har ina jin turarenta. Ta ɗan buɗe mayafin. Atamfar tsuntsaye ce.

"Ke," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na ga lokacin da kika juya bayanta. Na ga girarki ta motsa. Faɗa min tsakaninki da Allah, ta gaske ce ko jabu suka kawo wa 'yata?"

Jama'a, amsar tana kan harshena. Turmi shida ɗin nan duka na san inda aka yi su, na san jirgin da ya kawo su. Na kalli atamfar, na kalli Hajiya, na kalli ɗanta a sama ya leƙo har ya kusa faɗowa.

"Hajiya, sunana Rahinatu."

Ta motsa baki kamar mai tauna magani. "Rahinatu. To faɗa min."

"Wannan tambayar aiki ce, Hajiya, ni kuma yau suna na zo. Ki kawo ta shago ranar Litinin, ki tambayi vendeuse. Muna buɗewa ƙarfe takwas."

Taksi ya taho, na ɗaga hannun nan mai lalle na ce, "Brique!" Direba ya yi hon alamar ya yarda, na buɗe ƙofa na shiga. Muna fara tafiya na ji ta ɗaga murya a bayana, a gaban abokan ɗanta da masu shayi da kowa:

"Takwas daidai, ko da rabi?"

Na leƙo ta taga na ce, "Daidai, Hajiya. Ni nake buɗewa."